Wa Ya Auna Uzuris?

Shafi na 17

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Na ga saƙonninku tun jiya. Waɗanda suka rantse cewa Nirmin ce mai ɓoyayyen sunan nan, ina ba ku shawara ku sassauta rantsuwa, wata ne mai alfarma.

*

Hazim ya shigo gida bayan la'asar, ranar ashirin da biyu ga Ramadan. Ya wuce mahaifiyarsa, ya wuce ƙofar kicin, ya je ya tsaya a gaban teburin cin abinci yana kallon ledar da ke shimfiɗe a kansa, mai zanen lemun tsami, wadda gindin butar shayi ya ƙona a kusurwa ɗaya tun mahaifinsa yana raye.

Ya dubi hoton da ke cikin wayarsa. Ya dubi teburin.

"Ita ce," ya ce. "Har ƙunar."

Abla Insaf, mahaifiyarsa, tana zaune a ɗaya gefen tana naɗe shinkafa a ganyen kabeji. Ba ta ɗago ba.

"Tun kana rarrafe kake cin abinci a kanta. Yau ka gane ta?"

"Mama, Nirmin, ku zauna."

"A zaune nake."

Nirmin, matarsa, ta fito da ludayi a hannu. "Lafiya? Ba ka ce sai an yi isha za ku tashi daga ɗaukar shiri ba?"

"Madam Shahira za ta zo shan ruwa gidan nan."

"Yau? Hazim, miyar lalon nan ta mutum uku ce!"

"Ba miya ce za ta kawo ta ba. Tebur za ta zo gani."

Madam Shahira ita ce mai kamfanin da ke shirya *Akwati na Goma Sha Huɗu*, wanda duk garin ke kallo bayan shan ruwa a bana. Hazim kuwa shi ne mai riƙe da rubutun shirin a wurin ɗauka, kuma ya sa hannu a takarda cewa ko matarsa ba za ta ji kalma ɗaya daga bakinsa ba.

Ya ja kujera ya zauna.

"Kun san mai ɓoyayyen sunan nan na dandalin masu kallo. Gashin Ma'at."

"Wanda kake zagi kullum da sahur," in ji Nirmin.

"Shi. Ranar Asabar ya rubuta cewa za a tsinci akwati na goma a kwandon wani masunci a garin Isna, kuma masuncin zai ce: 'Kogi ba ya cin amana, ajiya yake yi.' Jiya aka nuna kashin. Ko harafi bai canza ba."

"To sai me? Sa'a ce."

"Ba a yin sa'ar jimla guda. Darakta ya ce daga cikinmu ake fitar da rubutu. Da safiyar yau kuma mutumin ya ɗora hoton wata takarda da ya zana da jan biro, wa ya haifi wa, wa ya auri wa. Takardar a kan tebur take. Madam Shahira ta kira ni ta ce: 'Hazim, na yi wata uku ina ganin lemun tsamin nan a gabanka duk lokacin da muka yi magana ta bidiyo.'"

Nirmin ta dubi ledar kamar yau aka shimfiɗa ta.

"Ta ce idan aka buga bindigar shan ruwa ban ba ta bayanin da zai shiga hankali ba, in ajiye katin aikina. Kun kuwa san sana'ar nan. Wanda aka kora saboda sakin baki, ko shayi ba za a sake bari ya kai wurin ɗauka ba."

Ya juya ga matarsa a hankali.

"Nirmin."

"Kada ka soma."

"Tambaya ce kawai."

"Ni da nake barci kafin a gama kiɗan buɗe shiri? Har yau ban bambance ɗan sandan da mai laifin ba, duk gashin baki ɗaya gare su."

"To wa? Mutum uku ne a gidan nan. Mama ko saƙon murya ba ta iya turawa sai ta kira ni."

Abla Insaf ta ɗauki wani ganyen ta shimfiɗa a tafin hannu, ta daidaita gefensa da kyau.

"Ko ma wane ne," Hazim ya ci gaba, "marar aikin yi ne. Jahili ne da ya haddace sunayen gumakan Masar ta dā guda huɗu daga littafin 'yan firamare yana ruɗin jama'a. Kullum Naftis, Naftis. Uwar Uzuris ce za ta kashe ɗanta?"

"Ƙanwarsa."

"Na'am?"

"Ƙanwarsa ce, kuma matar ƙaninsa Sit. Uwarsu Nut." Ta ajiye ganyen. "Wata uku kana rungume da rubutun nan, ba ka san wannan ba? Kuma ba daga littafin firamare aka ɗauko ba. Littafin firamare bai ma ambaci..."

Ta dafe bakinta.

 Daga ƙasa ana jin hon na motoci masu sauri su isa gida.

"Jan biro," Nirmin ta faɗa a hankali. "Mama, shi ya sa kika aike ni sayen jan biro har sau biyu?"

Abla Insaf ta goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Shekara talatin da huɗu ina koyar da tarihi a makarantar 'yan mata. Alƙalai biyu sun fito daga ajina. Yau ɗan da na haifa ya kira ni jahila da azumi a bakinsa."

"Mama... ke ce Gashin Ma'at?"

"Ni ce."

"Mai mabiya dubu ɗari biyu?"

"Da goma sha ɗaya."

"Ke da ba ki iya tura saƙo ba!"

"Na iya tun bara. Ina kiranka ne don ka zo ka zauna kusa da ni minti biyar."

 Nirmin ta sa ludayi a fuska tana ƙoƙarin danne dariya.

"Kina dariya? Aikina ne fa!"

"Yi haƙuri. Na tuna ne da sahur ɗin da ka ce da za ka ga Gashin Ma'at sai ka murɗe masa kunne, ita kuma tana zuba maka wake tana cewa Allah ya haɗa ku."

"Mama, kin taɓa jakata?"

"Allah ya kiyaye. Ban taɓa ba, kuma Shi ne shaida."

"To ta yaya kike sani?"

Nan fuskarta ta sake. Ta gyara zama irin na gaban allo, ta tura kwanon kabeji gefe.

"Ka saurara, tunda ba ka saurara ba a aji huɗu. Me ya faru a kashi na farko? Attajiri ya yi walima. An kawo akwati mai kyau, aka ce wanda ya dace da tsawonsa ya ɗauka. Kowa ya gwada cikin raha, wannan ya yi tsawo, wancan ya yi gajarta. Mai gida ya kwanta, akwati ya yi masa cif. Wuta ta ɗauke, ta dawo, babu shi babu akwati. Tun daga nan ƙananan akwatuna ke ɓullowa gari gari a bakin kogi, kowanne da wani abu nasa a ciki, matarsa tana bi tana tattarawa. Tatsuniyar kakanninmu ce sak. Attajirin Uzuris ne, matarsa Izis ce. Allah ɗaya ne, amma mutanen nan sun iya ba da labari."

"Kowa ya gane wannan tun makon farko."

"Kowa ya gane, sai kowa ya ce ƙanin ne, tunda a tatsuniya Sit ne ya haɗa makirci. Amma ka tambayi kanka: akwati ya yi cif. Kafinta ba ya yin cif da ƙiyasi. Wani ya auna mutumin nan. Yaushe ake auna babban mutum bai sani ba?"

"Yana barci," in ji Nirmin.

"Allah ya yi miki albarka. Ka ga mai barcin kallo ta fi ka. To ƙanin nan da ba sa ko gaisawa, yaushe ya shiga ɗakin barcin wansa da awo? Amma matar ƙanin, Naftis ɗinmu, ƙanwar matar gidan ce. Tana shiga ko'ina ba a tambayarta. Kuma a kashi na biyu, lokacin da take neman makulli a jakarta, me ya faɗo?"

Hazim ya kau da kai.

"Tef ɗin awo na teloli. Daƙiƙa uku aka nuna shi. Sai da na tsayar da hoton sau bakwai."

"Ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba."

"Ban tambaye ka ba. Ba na karɓar satar amsa."

"To maganar masuncin fa? Ita ma a tatsuniya take?"

Abla Insaf ta jawo kwanon kabeji ta mayar gabanta.

"Kifi yana cikin tatsuniya. Gida goma sha huɗu aka daddatsa Uzuris aka watsa, gutsure ɗaya kifi ya haɗiye."

"Jimlar nake tambaya, Mama. 'Kogi ba ya cin amana.' Daga ina?"

"Nirmin, kamar miyarki tana kamawa."

"Na sauke ta."

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Hazim ya zabura ya dubi agogo. Saura minti ashirin da biyar. Nirmin ta leƙa ta ramin ƙofa, ta sauke ajiyar zuciya.

"Ammu Fayik ne."

Ustaz Fayik maƙwabcinsu ne na ƙofa da ƙofa tun kafin a haifi Hazim. Ya shekara arba'in yana zagayawa da baƙi tsakanin Giza da Luksor kafin gwiwa ta zaunar da shi. Shi da matarsa Tant Marsel Kiristoci ne, amma babu Ramadan da farantin Abla Insaf bai ƙetara gidansu ba, kuma bai taɓa dawowa fanko ba. Yau ma ga shi a hannunsa, an rufe shi da farin ƙyalle.

"Barka da yamma, mutanen kirki. Marsel ta ce zaƙin jiya ya yi. Ni ban ce komai ba, bakina a cike yake." Ya ajiye farantin a kan tebur, ya dubi fuskokinsu. "Wa ya mutu?"

"Ni, nan da minti ashirin," in ji Hazim. "Ammu Fayik, ka san Gashin Ma'at?"

"Wannan mai taurin kan?" Ya zauna ba a ce ya zauna ba. "Kwana ashirin ina fama da shi. Mutum ne mai ilimi, ban hana shi ba, amma kansa kamar dutsen Aswan. Na rubuta masa hujja goma sha biyu cewa Sit ne. Ka san me ya yi? Ya ba ni maki. Huɗu bisa goma! Ya ce rubutu mai kyau, tunani kaɗan."

Abla Insaf ta ɗago a hankali.

"Kai ne Magatakardan Tahut?"

"Ya aka yi kika san..." Ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi jan biron da ke maƙale a aljihun rigarta ta gida. "A'a."

"Huɗu ɗin ma alfarmar maƙwabtaka ce, ashe, ban sani ba."

"Umm Hazim! Ke? Ni da na tsaya a gaban bangon haikalin Edfu sau dubu ina nuna wa Jamusawa Sit da yatsana?"

"Ka nuna musu, sun ɗauki hoto, sun tafi. Wa ya auna shi?"

"Ya sayi bara! Mai kuɗi ba ya auna mutum da hannunsa, aika wani yake yi!"

"Wane baran? An nuna maka shi? Kashi ashirin da ɗaya, kawo mini bara ɗaya mai tef."

"Tef! Kowace mace a unguwar nan ta Shubra tana da tef a jaka. Marsel tana da biyu. Ita ma ta kashe Uzuris?"

"Ban gama bincikenta ba tukuna."

"Jama'a!" Hazim ya dafa tebur. "Ni mai azumi ne, ni mai azumi ne. Za a kore ni kuna rabon maki?"

Nirmin, don ta raba su, ta miƙa hannu ta yaye ƙyallen farantin.

"Mu ga abin da Tant ta aiko."

Ƙunshin gyaɗa ne guda uku, manya, irin na Ammu Sabir mai soya gyaɗa da 'ya'yan kabewa a ƙasan gidansu, kowanne an murɗe shi da takarda mai tsini a ƙasa. Duk wanda zai zauna kallo bayan shan ruwa sai ya biya ta wurinsa.

Ustaz Fayik ya canza fuska. Ya kai hannu zai ja farantin.

"Marsel ta yi kuskure. Ba wannan ba ne. Bari in mayar..."

Amma Hazim ya riga shi. Ya ɗauki ƙunshi ɗaya, ya karkata kai yana karanta abin da ke jikin takardar. Sannan ya zazzage gyaɗar a kan lemun tsami, ya warware takardar ya shimfiɗa.

Rubutun na'ura ne, sunan mai magana a tsakiya, maganarsa a ƙasa. Daga kusurwa zuwa kusurwa kuma, da tawada mai haske wadda maiƙon gyaɗa ya fito da ita sarai, an buga sunan wanda aka damƙa wa kwafin, kamar yadda kamfanin ke yi wa kowane ma'aikaci.

Hazim Abdul-Mun'im.

"Kashi na tara," ya faɗa da wata murya siririya. "Shafi na shida. A jikin gyaɗa."

Ya juya ga mahaifiyarsa.

Abla Insaf ta sunkuyar da kai a karo na farko.

"Ni ƙaramin ƙunshi nake saye," ta ce. "Rabin takarda yake yaga masa. Ban ga suna ba, wallahi, da na ga suna da na faɗa maka. Ranar Juma'a na gama ci, zan yar, sai idona ya faɗa kan kalmar Isna. Layi huɗu na karanta na runtse ido."

"Kika runtse ido, kika rubuta."

"Na riga na faɗi kifi tun kashi na biyar, je ka duba! Tabbatarwa kawai na yi."

"Satar amsa!" Ustaz Fayik ya buga cinya. "Abla Insaf da satar amsa! Wadda ta kori 'yar wani babba daga ɗakin jarrabawa saboda ta rubuta shekara ɗaya a tafin hannu!"

"Na yi istigfari."

"Sifili bisa goma!"

"Ammu Fayik, bari tukuna." Hazim ya riƙe kai da hannu biyu. "Ta yaya kwafina ya je wurin mai gyaɗa? Cikakken kwafin farko, kashi talatin, ban taɓa fita da shi ba. Na ɓoye shi inda babu wanda zai taɓa. A cikin tsofaffin jaridun Baba, saman kwaba."

Ludayi ya faɗi daga hannun Nirmin.

"Saman kwaba?"

"E."

"Wanda aka ɗaure da igiyar shanya?"

"Nirmin..."

"Hazim, sharar Sha'aban. Na tambaye ka! Na ce zan kwashe jaridun nan kafin azumi, ka ce in yi yadda na ga dama!"

"Ina jin waya lokacin!"

"Kullum kana jin waya! Mai bikiya ya zo da amalankensa yana kiran tsofaffin kaya, na sauke masa gaba ɗaya."

"Me ya ba ki?"

Ta nuna kicin da ido. "Robar wanki. Shuɗiyar."

"Shirin da aka shekara ana rubutawa. Robar wanki."

"Mai kauri ce," in ji Abla Insaf a hankali. "Ba ta yi asara ba."

Nirmin ta durƙusa ta ɗauki ludayin, sai ta tsaya tana kallon sauran ƙunshi biyun.

"Ammu Fayik, tsaya. Ba likita ya hana ka gyaɗa ba tun da aka yi maka haƙora?"

Ustaz Fayik ya dubi silin.

"Kuma Tant ta ce mini gidanku ya cika da gyaɗa har a tukunyar miya."

"Mutum ba ya taimakon ɗan kasuwar unguwa?"

"Kuma jiya ta ari dutsen gugarmu, ta ce naku ya ƙone."

Abla Insaf ta miƙe tsaye. "Fayik. Me kake gogewa?"

Ya yi tari. Ya gyara tabarau. Daga bisani ya sa hannu cikin aljihun kwat ɗinsa ya fito da wasu takardu a ninke, an goge su sumul, duk da tabon maiƙo bai fita ba.

"Don kare yaron na yi," ya ce. "Na ga sunansa tun ranar shida ga wata. Na ce Fayik, ɗan maƙwabcinka ne, kada takardunsa su watsu. Kullum ƙunshi goma nake saye."

"Shi ya sa ka zo ka faɗa mini," in ji Hazim.

"Na so in kammala tukuna."

"Ka kammala me?"

"Zaman ƙarshe na kashi na talatin. Inda ɗan sanda ke tara kowa a falo. Shafi goma sha huɗu ne." Ya jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi. "Na sami goma sha uku. Guda biyu sai da na bi mai gadi har gida. Guda ɗaya a hannun mai aski na karɓa, ya goge reza da shi."

Abla Insaf ta dubi takardun, ta kau da kai da sauri, ta sa hannu ta kare gefen idonta.

"An daddatsa shi an watsa a unguwa, kai kuma kana bi lungu lungu kana tsinta," ta ce. "Ashe Izis muke maƙwabtaka da ita shekara talatin, da gashin baki."

"Ki yi ba'a. Shafi na goma sha uku ya ƙare ne daidai inda ɗan sanda ya ce: 'Wanda ya auna shi yana cikin ɗakin nan, kuma shi ne...'"

"Ka ji! Wanda ya auna shi! Tambayata ce!"

"Ya ce *shi*, bai ce *ita* ba."

"Ɗan sanda kowa shi ne a wurinsa."

"Ina na goma sha huɗu?" Hazim ya katse su.

"Kifi ya haɗiye," in ji Ustaz Fayik. "Kwana huɗu ina nema."

Hazim ya dubi agogo. Saura minti bakwai. Ya ruga baranda, sauran suka bi shi. A ƙasa an jera dogon teburin ciyarwa a bakin masallaci, mutane sun zauna kowa da kofi a gabansa. Ammu Sabir yana jan ƙofar shagonsa zai rufe.

"Ammu Sabir! Ammu Sabir!"

Tsohon ya ɗaga kai ya kare rana da hannu. "Na'am, ranka ya daɗe! Sako kwando da igiya in sa maka, ban kashe wuta ba!"

"Ba gyaɗa nake so ba! Takardun da kake ƙunshi da su! Kada ka sake yaga ko ɗaya, duka zan karɓa!"

"Farar nan mai kauri? Kai, takarda ce ta gaske, ba ta tsotsar mai kamar jarida. Ustaz Fayik ma ya yaba!"

"Ina sauran?"

"Sun ƙare!"

Hazim ya dafa ƙarfen baranda. "Alhamdu lillahi. Duk ka sayar a unguwa?"

"A'a! Damin ƙarshe sadaka na yi da shi!"

"Ka yi me?"

"Sadaka! Matasan masallaci sun zo da azahar, ledarsu ta ƙare. Masu raba wa direbobi dabino a babban titi idan magariba ta kama su a hanya. Ƙunshi ɗari uku suka yi! Ka sa mu a addu'a, ladan da kai a ciki!"

Duk suka juya suka dubi titi.

Daga inda suke ana hango mahaɗar babban titi. Matasa sun tsaya a tsakanin motoci da kwanduna, suna miƙa fararen ƙunshi ta kowace taga. Tasi ta karɓa ta wuce. Bas ta karɓi guda goma ta nufi Ramsis. Wata motar ɗaukar kaya ta karɓa ta hau hanyar Iskandariyya.

"To," Ustaz Fayik ya faɗa can ƙasa, "a tatsuniya ma akwatin har bakin teku ya kai."

"Fayik, yi shiru," in ji Abla Insaf. Ta dafa kafaɗar ɗanta. "Hazim, dube ni. Ni zan yi mata magana. Zan ce ni ce na karanta, ni ce na rubuta. Wanda ya yi laifi shi ke tsayawa a gaban allo."

"Ni na ba mai bikiya," in ji Nirmin.

"Ni na yi shiru kwana goma sha shida," in ji Ustaz Fayik. "Amma ku faɗa mata na goge su da kyau."

Sai bindiga ta tashi a talabijin ɗin kowane gida lokaci ɗaya. Ladan ya ɗaga murya. Nirmin ta miƙa wa mijinta kofin ruwa, ya karɓa ya yi bismillah.

Bayan wasu mintuna aka danna ƙararrawa.

Abla Insaf ce ta je ta buɗe, bayan ta gyara mayafinta.

Madam Shahira na tsaye a bakin ƙofa, doguwa, jaka a kafaɗa, tana haki saboda hawa huɗu a ƙafa, babu na'urar hawa bene. Tana tauna dabino. A hannunta na dama akwai farar takarda mai kauri da aka warware, duk ta yamutse.

"Ku yi haƙuri, cunkoso ya riƙe ni," ta ce. "A mahaɗar nan na sha ruwa. Wani bawan Allah ya miƙo mini ta taga."

Ta shigo. Ta dubi ledar mai lemun tsami. Ta dubi gyaɗar da ke warwatse a kanta, da shafuka goma sha uku a jere, a goge. Sannan ta ɗaga takardar hannunta ta juya ta wajen Hazim, yadda zai ga sunansa daga kusurwa zuwa kusurwa, da lambar da ke ƙasa.

Goma sha huɗu.

"Hazim," ta ce, "shekara ashirin ina wannan sana'a. Yau na fara shan ruwa da ƙarshen shirina."

Hazim ya ajiye kofin a kan tebur.

Abla Insaf ta matsa gaba, ta shiga tsakanin ɗanta da baƙuwar, ta haɗa hannuwa a ƙirji cikin natsuwa.

"Marhaban, 'yata. Gidanki ne. Yaron nan ba shi da laifi, ni ce Gashin Ma'at, kuma zan yi miki bayani tun daga farko, ki yanke hukuncin da Allah ya nuna miki."  Idonta ya sauka kan bayan takardar, ta ɗauke shi, ya sake sauka. "Sai dai kafin nan, don girman wannan wata, kalma ɗaya kawai. Mai tef ɗin ce, ko?"

"Mama!"

"Ƙanin ne, Madam, faɗa mata!" in ji Ustaz Fayik daga bayan kujera.

Madam Shahira ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta cire ƙwallon dabino daga bakinta, ta ninke takardar biyu, ta ninke huɗu, ta jefa a jaka ta ja zif.

"Ke ce mai hasashen tef ɗin nan?" ta ce. "Hajiya, kwana goma marubucina bai yi barci ba saboda ke. Hazim, rufe ƙofar nan. Babu mai fita."